Pralaya: narkewar duniya da ba ta tafiya da komai

Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya a gidajen kallo na Ƙauran Namoda ko Shinkafi, tun kafin a fara fassara su, mai yiwuwa ya taɓa jin jarumi ya fusata yana cewa "pralay". Abin da zai faɗo wa Bahaushe a rai shi ne tashin alƙiyama. To, kalmar ba nan ta dosa ba.

Asalinta pralaya ne a Sanskrit, tsohon harshen addinin Hindu, daga saiwar "li" mai ma'anar narkewa. Ka zuba gishiri a ruwa: ya ɓace wa ido, amma yana nan, in ruwan ya ƙafe zai fito. Haka Hindu suke kallon ƙarshen duniya, narkewa ce da ake dawowa daga gare ta.

Litattafansu na Purana sun kasa ta huɗu. Akwai ta kullum, wato mutuwar halittu. Akwai ta wanda ya tsira daga maimaita haihuwa. Akwai babbar da ke narkar da komai. Wadda ta fi jan hankalina ita ce naimittika, ta wani sashe kawai. A Hindi za ka ji irin wannan ana ce mata khand pralay, khand na nufin yanki.

A imaninsu, yini ɗaya na Brahma, wanda suke danganta wa halitta, shekara biliyan 4.32 ne. Idan yinin ya ƙare, in ji Vishnu Purana, sai a yi fari na shekara 100. Rana ta zama bakwai, ta shanye koguna da tekuna, wuta ta cinye duniyoyi uku na ƙasa-ƙasa. Sannan hadari ya haɗo, a yi ta sheƙa ruwa wata shekara 100 har komai ya koma teku guda. Manomin da ya ga fari ya ƙone gero, sannan ya ga gulbin Gagare ya cika ya shafe fadama, ba zai yi mamakin wannan jeri ba. Labari ne na mutanen da rayuwarsu ta rataya a kan damina.

Amma duniyoyin sama ba sa narkewa. Mazauna Maharloka, da zafi ya ishe su, sai su yi ƙaura zuwa Janaloka. Dare mai tsawon yinin ya wuce, gari ya waye, a sake halitta. Sai Brahma ya cika shekara 100 da irin waɗannan kwanaki, kimanin shekara tiriliyan 311, sannan babbar narkewa ta zo.

A intanet za ka ga masu cewa ai kimiyya ta tabbatar da wannan, tunda shekarun duniyarmu kusan biliyan 4.5 ne. Gaskiya lambobin sun yi kusa, amma katari ne. Biliyan 4.32 ta fito ne daga ninka zagayen zamuna huɗu, mai shekara 4,320,000, sau 1,000. Ta masana kuwa daga auna ruɓewar yuraniyom a cikin duwatsu ta fito.

Kalmar dai ta sauko cikin maganar yau da kullum. Ambaliyar da ta ci jihar Kerala a 2018, "pralayam" mutanen can suke kiranta da Malayalam, kuma Indiya ta raɗa wa wani makaminta mai linzami suna Pralay.