Damin tsinke goma: abin da Wudil ta koya wa sabon malamin lissafi

Ranar Juma'a a kasuwar Wudil, miƙa wa yaron da ke tallar ƙosai naira dubu. Kafin ka rufe baki ya ƙirgo maka canjinka cif. Ranar Litinin kuma ka same shi a aji biyar, ka rubuta masa 52 a ɗebe 17 a allo, sai ka ga ya rubuta 45. Ya ɗebe biyu daga bakwai, domin a ganinsa ƙarami ake cirewa daga babba, ko yana sama ko yana ƙasa.

Wannan yaro shi ne jarrabawar farko ta sabon malami. Ya fito daga kwaleji da takardarsa, an damƙa masa manhajar aji biyar, ga kaso cikin ɗari da ɓangarorin lamba suna jiransa, alhali rabin fuskokin da ke kallonsa tun a ɗebewa aka baro su. Yawanci sai ya bi manhaja, 'yan layin gaba su tafi da shi, na baya su yi ta kwafe abin da ke allo.

An gwada wata hanya a nan Wudil. A 2019 aka fara shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, don 'yan aji huɗu zuwa shida na firamare. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta Jihar Kano ce ta haɗa hannu da British Council da TaRL Africa, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, aka kuma sa ɗalibai masu koyon malanta daga Kwalejin Sa'adatu Rimi cikin aikin. Asalin dabarar daga ƙungiyar Pratham ta Indiya take, kuma Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a shekarar, suna cikin waɗanda suka daɗe suna auna tasirinta.

A wannan dabara, malami kan fara ne da zama da kowane yaro shi kaɗai na 'yan mintuna. Ya san lamba guda? Ya san mai gida biyu? Zai iya ɗebewa mai aro? Rabawa fa? Inda ya cije, nan ne matakinsa. Sai a ware wani lokaci a raba yara rukuni-rukuni bisa matakin, ba bisa aji ko shekaru ba, a riƙa sake gwada su, wanda ya iya ya haura.

Kayan aikin ba sa cin ko sisi: tsinken tsintsiya da kyauro ko roba. Tsinke goma dami guda. Yaron nan namu zai ajiye dami biyar da tsinke biyu, a ce ya ɗebe bakwai, ya ga ba su kai ba. Da hannunsa zai kwance dami ɗaya, tsinkaye su zama goma sha biyu, ya cire bakwai, saura biyar. Ya ɗauke dami guda daga huɗun da suka rage. Ga 35 a gabansa. Kalmar "aro" da ake ta maimaita masa shekara uku, yau ya gan ta da ido. (Ni ma dai ban taɓa gane me ya sa ake kiransa aro ba, tunda ba a biya.) Kuma da Hausa ake masa bayanin, harshen da ɗebewa ke cikin ƙidayarsa tun fil'azal: kakanninmu "ashirin ba ɗaya" suke ce wa goma sha tara.

Annobar korona ta rufe makarantu a Maris 2020, shirin KaLMA ya koma rediyo da saƙon waya da takardun aikin gida, kafin a dawo aji.

A ganina wuyar ba ta tsinke ba ce. A ajin da ya cika ya batse, zama da kowane yaro kan cinye kwanaki. Ga kuma mai duba makarantu, wanda zai buɗe littafin shirin darasi ya tambayi inda aka kwana a manhaja. Malamin da ya shafe mako uku yana ɗaure dami da 'yan aji biyar yana bukatar shugaban makarantar da zai tsaya masa ranar da baƙon ya zo.