Sanarwa daban, bayani daban

 Yau za mu yi magana a kan tsawon rubutu.

Tun da aka kafa aikin yaƙi da jahilci a Nijar a 1963, waɗanda suka iya karatu suna aika rubutunsu ga jarida da rediyo. Amma shafin jarida yana da iyaka, mintocin rediyo kuma ƙidayayyu ne. Dole a taƙaita. To, me za a yanke, me za a bari? Sai an fara sanin irin rubutun.

Ga sanarwa. A ce saniyarka ta ɓace tsakanin Dogo-Dogo da Dungas. Mai saurare yana son ya ji kamanninta, da ranar da ta ɓace, da wurin, da wanda za a kai wa labari. Layi huɗu ya isa. In ka fara da gaishe-gaishe, ka gai da mai gari, ka gai da surukai, kafin ka zo kan saniya mai saurare ya tashi.

Bayani ba haka yake ba. Ni kaina na taɓa yin kuskure a nan. Wani ɗalibina ya rubuta yadda ake ajiye wake a buhun PICS, wanda aka fara yaɗawa a ƙasarmu a 2007. Buhu ne mai ninki uku, leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje. Rubutunsa ya yi tsawo, sai na rage shi don ya shiga rabin shafi. Abin da ya saura shi ne: ka zuba wake, ka ɗaure. Ya yi kyau a ido, har na ji daɗi.

Wata ɗaliba ta karanta, ta bi shi daidai. Bayan ƴan watanni ta buɗe buhunta, ta tarar ƙwari sun shiga waken. Ta zo aji ta ce, "Malam, na yi yadda takarda ta ce." Gaskiyarta. Abin da na yanke shi ne aikin duka. Wake sai ya bushe sarai. A duba leda ko ta huje. A matse iska ta fita. A ɗaure leda ta farko ita kaɗai, sannan ta biyu, sannan buhun waje. Rashin iska ne ke kashe ƙwarin, shi ya sa ƙaramar kafa take ɓata komi. Da gaisuwar da ke saman takardar na cire, da wurin ya ishe mu.

In bayani ya ƙi shiga shafi ɗaya, a raba shi biyu, a ce ci gaba a fitowa ta gaba. Tatsuniya ma haka, ba a tsayar da Gizo a tsakiyar hanya.

Ga aikinku na wannan mako. Kowa ya rubuta sanarwar ɓatan akuya a layi huɗu. Sannan ya rubuta yadda ake ajiye wake, ya karanta wa wanda bai taɓa yi ba, ya tambaye shi me zai fara yi. Ku kawo takardun aji mu duba tare.