Mai Haɗa Wutar Shagon Atamfa

A Kantin Kwari, idan mace ta ɗauki turmin atamfa ta ce, "Alhaji, bari in duba a waje," ba kayan take zargi ba, fitilar shagon ce ba ta yarda da ita ba. A ƙarƙashin ƙwan da bai dace ba, ja yakan koma makuba, farar shadda ta yi ɗorawa-ɗorawa. Maganin wannan yana hannun mai haɗa wutar shago, kuma ba duk mai riƙe da filaya da testa ne ya iya ba.

Gwani a cikinsu, kafin ya taɓa waya, sai ya tambayi abin da za a sayar a wurin. Waɗanda suka yi aikin manyan shaguna kafin zuwan LED har gobe suna yabon ƙwan siramik metal halaid, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1994 da sunan CDM. Sirrinsa yana cikin wani ɗan bututu da bai wuce gaɓar yatsa ba, inda wutar ke kamawa. A tsofaffin ƙwayayen, da gilashin kwaz ake yin bututun, sinadarin sodiyam ya riƙa sulalewa ta jikinsa, shi ya sa za ka ga fitilu a jere, wannan ta yi kore-kore, waccan ta yi ja-ja. Bututun siramik na alumina ya fi jure zafi, yana kuma riƙe sinadaransa, don haka launin hasken ba ya saurin gushewa.

Ku lura da gwanin a wurin sayayya. Yakan juya kwalin ƙwan ya nemi lamba uku. Idan ya ga 830, ya san haske ne mai ɗumi na 3000K, ma'aunin nuna launi na CRI kuwa 80 da 'yan kai. Idan 942 ne, fari ne tas na 4200K, CRI ɗinsa ya kai 90 ko ya haura, alhali hasken rana yana kan 100. Wannan na biyun yakan zaɓar wa mai atamfa da leshi, wat 35 ko 70 gwargwadon tsayin silin.

Sai dai ƙwan yana da tsada da wuyar sha'ani. Dole a haɗa masa cok da sitata, yana ɗaukar mintuna kafin ya cika haske, idan kuma aka ɗauke wuta, ko an tada janareta nan take ba zai kama ba sai ya huce. A ƙasar da ake kawo wuta a ɗauke babu sallama, wannan babban aibi ne ga mai ciniki. Akwai makyuri a cikinsa, kuma yana iya fashewa idan ya tsufa, shi ya sa mai sana'a na kirki ba ya rataye shi ba tare da murfin gilashi ba.

Ba na ganin laifin 'yan kasuwa da suka koma LED, tana kamawa nan take, ba ta cin wuta sosai, tana tafiya da sola. Abin da ke damuna shi ne yaran da ke koyon aikin yanzu wat kawai suke tambaya. LED mai CRI 90 tana nan, amma mai arhar da ta cika kasuwa galibi tana kashe ja, kuma da wuya ka ga an rubuta CRI a kwalinta.