Idan Kin Yada Zango A Jidda, Kada Kasuwa Ta Cinye Miki Kwanakin



Ki tambayi kowace Hajiya a unguwarku ko ta san Jidda, za ta ce miki kamar yunwar cikinta. To, amma ki ce ta ba ki labarin garin. Abin da za ki ji bai wuce kantin zinariya ba, da shagon abaya, da wurin da aka auna mata kaya aka ce sun yi nauyi. Teku kuwa, ta tagar jirgin sama ta hange shi.

Ba gori nake yi ba, domin ni ma haka na yi a zuwana na farko. A karo na biyu ne Allah Ya ƙaddara, bayan mun ƙare umra ni da yayata da 'yarta mai shekara 14, aka ɗage tashin jirginmu da kwana 3, muka sauka wani masauki a Jidda. Nan da nan Yaya ta jawo takardar tsarabarta ta shiga lissafi. Yarinyar ce ta matso kusa da ni ta ce, "Inna, a littafinmu na labarin ƙasa ana kiran Bahar Maliya Jan Teku. Don Allah ki kai ni in gani ko da gaske ja ne." Sai kunya ta kama ni, domin ban san amsa ba. Muka yi yarjejeniya da Yaya: kwana ɗaya na kasuwa, biyu na ganin gari.

Sai dai a lura, mai aikin hajji tafiyarta cikin ayari take bisa tsarin hukuma, ba ta da wannan sakewa. Mai bizar umra kuwa, tun 2022 hukumomin Sa'udiyya suka bayyana cewa tana iya ziyartar sauran garuruwan ƙasar.

Mun fara da tsohon gari, wanda mutanen wurin ke kira Balad. Kada ki fita da tsakar rana. Zafin Jidda ba irin na Sakkwato ba ne mai ƙuna, zafi ne mai danshi irin na Ikko, kafin ki yi taku 20 mayafinki ya jiƙe sharkaf. Garin ba ya farkawa sosai sai bayan la'asar, hada-hada kuwa sai dare. Ranar Jumma'a da safe kusan ko'ina a rufe yake.

Halifa Usmanu ɗan Affan ne ya mai da Jidda tashar jiragen ruwa ta Makka a shekara ta 26 bayan Hijira, watau 647, kuma tsakanin garuruwan biyu kimanin kilomita 80 ne. A da garin kewaye yake da ganuwa kamar Kano ko Zariya, aka rushe ta a 1947 da gari ya cika ya batse. Ƙofar Makka, wadda suke kira Bab Makka, tana nan a tsaye an sabunta ta, kuma a da ta nan ayarin raƙuman alhazai ke fita. A 2014 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gidajen. Dogaye ne, hawa 4 ko 5, an gina su da farin dutsen murjani da aka haƙo daga gaɓar teku, ana jera katako tsakanin sahun duwatsun domin ginin ya riƙe kansa. A gaban kowane gida akwai wata irin taga da ake kira roshan. Taga ce ta katako wadda ta turo kai waje bisa titi, an sassaƙa ta da ƙananan ramuka kamar rariya. Iskar teku na shiga, hasken rana na raguwa, uwargida na zaune a ciki tana ganin duk mai wucewa, ba mai ganinta. Wasu har shantali na ruwa suke ajiyewa a wurin domin iska ta sanyaya shi. Na tsaya na yi ta kallo, na tuna ɗakunanmu na kwano da 'yar taga ɗaya can sama, inda mace ke yini tana shan zafi. Masu ginin nan sun yi tunanin matan da za su zauna a ciki. Da ma maginanmu, da mazan da ke biyan su, za su ɗauki wannan darasi.

Mafi shahara cikinsu shi ne Gidan Nasif, wanda aka gama gina shi a 1881. Sarki Abdul'aziz ya sauka a cikinsa sa'ad da ya shiga Jidda a 1925. Matakalar gidan mai faɗi ce, ba ta da tsayi, ana cewa don raƙumi ya iya hawa da kaya aka yi ta haka. A ƙofar gidan akwai wata tsohuwar bishiya wadda ake faɗin cewa a wani zamani ita kaɗai ce a garin, har masu aiko da wasiƙa sukan rubuta cewa a kai kusa da gida mai bishiya. Muna isa yarinyar ta kece da dariya ta ce, "Inna, ashe darbejiya ce!" Ita ce kuwa, dogonyaron da awakinmu ke kwanciya a gindinsa.

Ba da nisa ba akwai maƙabartar da ake dangantawa da Uwarmu Hauwa'u. Wasu ma na cewa sunan garin daga kalmar Larabci ta kaka ya fito. An rushe ginin da ke kan kabarin tun cikin shekarun 1920, saboda haka katanga kawai za ki gani.

Jidda ba baƙon wuri ba ne ga Bahaushe. Kakanninmu da ƙafa suke tafiya, su ratsa Barno da Chadi da Sudan, suna noma da ƙodago a hanya shekara da shekaru, sa'an nan su ƙetare teku daga Sawakin ko Fot Sudan su sauka nan. Da yawa ba su koma ba. Jikokinsu na nan, wani ki ji yana Larabci tsantsa, da ya ji kuna Hausa sai ya juyo ya ce sannunku. Har tsirenmu ya shiga cikin abincin mutanen Hijaz, suna kiransa siriya, da ƙuli-ƙulinsa da yajinsa. Tsofaffin unguwannin da 'yan Afirka suka fi yawa, irin su Karantina da Sabil, hukuma ta rushe su tsakanin 2021 da 2022. In an ba ki kwatancen gidan wata 'yar'uwa na shekarun baya, to ki nemi lambar wayarta kafin ki hau tasi.

Kashegari da yamma muka tafi bakin teku, inda aka yi wani dogon titi na shan iska. Iyalai ne ko'ina, sun shimfiɗa darduma da butocin shayi, yara na guje-guje, mata na hira ba mai tsangwamar su. Ruwan kuwa shuɗi ne fes, ba ja ba. Yarinyar ta lakaci ruwan da ɗan yatsa ta ɗanɗana, ta yamutse fuska. Na gaya mata cewa wannan ruwan gishirin shi ne ake tacewa a injuna ya zama ruwan famfon da muka yi wanka da shi da safe, domin Jidda ba ta da kogi ko ɗaya. Muka yi sallar magariba a Masallacin Rahma, wanda aka gina a 1985 bisa ginshiƙai cikin teku, in ruwa ya cika sai ki ce yawo yake a kai. Da dare muka koma kudu muka kalli maɓuɓɓugar Sarki Fahad, wadda ke cilla ruwan teku sama fiye da mita 260, ba kamarta a duniya. Ba mu biya ko riyal ɗaya don kallo ba, sai kuɗin mota da na soyayyen kifi da shinkafar da suke kira sayadiyya.

Ranar kasuwa kuma ta zo. In zinariya za ki saya, ki tambayi kuɗin giram na ranar, ki tambayi ladan ƙira dabam, domin a nan ake ciniki, kuma ranar da za ki sayar ba wanda zai biya ki shi. Ki duba hatimin 21 ko 18 a jikinta, ki karɓi rasit. Akwai harajin kaya na kashi 15 cikin 100 tun 2020. Yawancin tsummokaran da muke wahalar jidowa kuwa daga Sin aka kawo su, kuma suna nan jibge a Kantin Kwari. Yaya ba ta ji wannan ba sai da aka ɗora jakarta a sikeli, ta durƙusa gaban jama'a tana zaɓen bargon da za ta bari.

Abubuwa biyu ba na wasa ba ne. Na farko, kada ki karɓi saƙon kowa a rufe, ko da mai hawaye ce ta roƙe ki, a tafiya ko a dawowa. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Sa'udiyya yana kai wa ga kisa. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗalibar jami'a da ta tashi daga Kano saboda wata jaka da aka manna wa sunanta ba da saninta ba, kuma sai da ta yi wata 4 a tsare kafin gaskiya ta yi halinta. Ki ƙirga jakunkunanki, ki ƙirga takardun shaidar da aka ba ki.

Na biyu, a irin waɗannan kwanaki na jira ne wata za ta raɓo ki da murmushi ta ce akwai aikin gida mai tsoka, ki bar jirgi ya tafi. Mu ma an tare mu a ƙofar masauki, kuma yarinyar aka fi kallo. A 2025 hukumar ƙasar ta sake jan kunne cewa mai wuce wa'adin bizarta na iya fuskantar tara har riyal 50,000, da ɗaurin wata 6, da kora. Yaya ta kama hannun 'yarta ta ce wa matar, "Hajiya, wannan jarrabawa gare ta wata mai zuwa." Daga ranar fasfo ɗinmu bai sake barin lalitar da ke ƙarƙashin rigarta ba sai da muka zauna cikin jirgi.