Sarkin Rasha Mai Fuska Biyu

A shekarar 1931 kamfanin Ufa na Jamus ya fito da wani fim na soyayya da tarihi mai suna Der Kongreß tanzt. Labarin ya faru ne a Biyana, babban birnin Ostiriya, lokacin da sarakunan Turai suka hallara a 1814 don raba gadon Napoleon. Wata budurwa mai sayar da safar hannu, Christel, ta jefa wa Sarkin Rasha Alexander damin furanni, dogarai suka zaci bam ne, aka kama ta za a yi mata bulala. Sarki ya cece ta, daga nan soyayya ta ƙullu.

To, ga abin da ke ɗaure kai. Da wanda ya kalli fim ɗin a Balin zai haɗu da wanda ya kalle shi a Paris, za su yarda a kan kusan komai. Budurwar ita ce, Lilian Harvey. Keken dokin da ya ratsa gari da ita tana waƙa, jama'a na amsawa, shi ne. Fadar ita ce, tufafin su ne. Sai an zo kan sarki gardama ta kaure: na Balin ya rantse Willy Fritsch ya gani, na Paris ya ce atafau Henri Garat ne. Kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Zato na farko daga cikin labarin yake fitowa. Sarkin yana da wani mai kama da shi, Uralsky, wanda yake turawa wuraren biki don ya ɓad da sawu, saboda Metternich, wazirin Ostiriya, yana ta ƙulla yadda zai shagaltar da shi da mata ya manta da zaman taro. Ko nan ne fuska ta biyu ta shigo? A'a. Ɗan wasa ɗaya ne ke fitowa a sarki da mai kama da shi, Fritsch a nan, Garat a can.

Wanda ya saba da fina-finan Indiya da ake ɗora wa muryar Hausa zai ce ai fassara ce. Amma ɗora murya harshe yake canzawa, fuska tana nan yadda take. Ba kuma sake fim aka yi bayan shekaru ba, domin duk a shekara ɗaya aka ɗauke su, a ƙarƙashin darakta ɗaya, Erik Charell.

Metternich ne ya tona asirin. Akwai kwafi na uku, na Ingilishi, kuma a cikinsa Conrad Veidt ne waziri kamar yadda yake a na Jamusanci, alhali sarki Garat ne kamar a na Faransanci. A na Faransancin kuwa wani ne ya sa rigar waziri, Pierre Magnier. In aka jera ukun, sai a ga ashe fuskokin harshe suke bi. Duk wanda bakinsa ba ya iya ɗaukar yaren da za a yi, sai ya tuɓe kaya ya ba wanda ya iya.

Dalilin kuwa sauti ne. A zamanin fim marar magana, sayar da shi ƙetare ba wuya: a cire allunan rubutu na Jamusanci, a sa na wani yare, shi ke nan. Da murya ta shigo, kasuwar nan ta nemi kuɓucewa. Ana naɗar magana ne a daidai lokacin da kyamara ke ɗauka, ɗora wata daga baya bai nuna ba tukuna, 'yan kallo kuma ba su saba jin murya daban leɓe daban ba. Sai Ufa ta ɗauki hanya mai wahala. Tun fim ɗinta na farko mai cikakken sauti, Melodie des Herzens na 1929, ta fara ɗaukar labari ɗaya a harsuna da yawa. Haka Der blaue Engel na 1930, wanda ya ɗaga Marlene Dietrich, an yi shi da Jamusanci da Ingilishi. A ɗakunan ɗaukar fim na Neubabelsberg, a gama fitowa da Jamusanci, a bar fitilu da kyamara a inda suke, wasu 'yan wasan su shigo a maimaita da Faransanci, sannan da Ingilishi.

Saura Lilian Harvey: ita me ya sa ba a musanya ta ba? A Landan aka haife ta a 1906, ta girma a Jamus, tana kuma jin Faransanci. Yarinya ɗaya ta wadatar da kasuwa uku. A ganina wannan ne babban aikin da ke cikin fim ɗin, wanda mai kallon kwafi ɗaya ba zai taɓa lura da shi ba: ta yi kuka iri ɗaya sau uku, a gaban maza biyu, lokacin da labari ya zo cewa Napoleon ya gudu daga tsibirin Elba, sarki ya tafi ya bar ta.

Tsarin bai daɗe ba. Yana cin kuɗi, ɗora murya kuma ta inganta cikin 'yan shekaru. Amma mutanen da suka haɗa wannan fim ba tsada ce ta raba su ba. A watan Maris na 1933, bayan Hitler ya hau mulki, Ufa ta yanke shawarar sallamar Yahudawan ma'aikatanta, ciki har da Charell da furodusa Erich Pommer. Mai kiɗan fim ɗin, Werner Richard Heymann, ya bar ƙasar, Veidt ma ya koma Ingila. A 1937 gwamnatin Nazi ta haramta nuna fim ɗin a Jamus. Otto Wallburg, wanda ya fito a dogarin sarki a kwafin Jamusanci yana ba mutane dariya, an kashe shi a sansanin Auschwitz a 1944.