Kumbon Da Ya Je Mahaifar Duwatsun Sama

Ran 25 ga Afrilu, 1971, waɗansu duwatsu suka faɗo daga sama a Kabo, cikin ƙasar Gwarzo. Da masana suka auna su, sai suka tabbatar irinsu daga wani fili suke fitowa, can tsakanin Mas da Jupita, watau taurarin da malamanmu ke kira Mirrihu da Mushtari. A wannan fili akwai duwatsu bila adadin suna kewaya rana, ragowar kayan da aka yi duniyoyi da su ne.

To, can ne Amurka ta aika da wani kumbo mai suna Dawn ran 27 ga Satumba, 1997 da goma, watau 2007. Ba mutum ko ɗaya a cikinsa, daga ƙasa ake ba shi umurni ta rediyo. Injinsa yana hura wata iska da ƙarfin lantarkin da ya samo daga hasken rana. Turinsa bai fi nauyin takarda guda a tafin hannu ba, amma da yake yakan yi watanni yana turi, sannu sannu gudun ya taru.

A 2011 ya isa Besta, ya shekara yana kewaya ta. Ya ga wani makeken rami a kudancinta, inda wani dutse ya taɓa bugun ta, ya kuma ƙarfafa zaton masana cewa waɗansu duwatsun da ke faɗowa duniya ɓarɓashinta ne. A 2015 ya isa Siris, babbar cikinsu, wadda faɗinta ya fi tsakanin Kano da Ikko a miƙe. Nan ya tarad da farare-fararen tabo cikin ramummuka, ashe gishiri ne dangin kanwa, alamar ruwan da ya ɓulɓulo daga ƙarƙashi. A 2018 mansa ya ƙare, aka daina jin duriyarsa.

Jama'a, abin da aka kashe dukiya mai yawa aka yi shekaru ana tafiya domin a gani, mu yakan faɗo mana har gona. Saboda haka muna roƙon malaman makaranta da ma'aikatan hukuma, in an ji ƙara a sama aka tsinci baƙin dutse mai nauyi, kada a bari a farfasa shi. A rubuta rana da wurin da ya faɗi, sa'an nan a kai shi jami'a. Dutsen da ba a san ranar faɗuwarsa da wurinsa ba, rabin amfaninsa ga masana ya tafi.