Zaman Tare Tsakanin Masu Gurar Kaguwa da Masu Jan Taru a Tekun Labrador, da Tasirinsa kan Kifin Kod

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce mu duba yadda sana'o'in su iri biyu suke zaman tare a gaɓar Labrador da Newfoundland ta ƙasar Kanada, da abin da wannan zama ya haifar ga kifin kod. Shi dai kod ba baƙo ba ne gare mu, domin irinsa ne ake busarwa a Norway a kawo kasuwanninmu da sunan okporoko.

Sana'a ta farko ita ce kamun kaguwa da tarko, wanda za mu kira gura saboda kamarsa da gurar masuntanmu. Akan sa masa abinci a ciki, a jera da yawa a igiya guda, a nutsar a ƙasan teku har kwanaki. Ta biyu ita ce jan taru, watau jirgi ya ja ƙaton taru a bayansa yana sharar ƙasan teku. Kowa na iya ganin inda rikici zai taso: ɗaya ya ajiye kayansa ya tafi, ɗaya kuwa sai ya bi ta kansu.

Asalin Al'amarin

Kafin shekarun 1950 kod shi ne abin dogaron mutanen wannan gaɓa. Da manyan jiragen jan taru na Turai da Tarayyar Sobiyet suka shigo, sai kamu ya yi ta hauhawa, har a 1968 aka kama kimanin tan 810,000 na kod ɗin arewa. Waɗannan jiragen sun iya samun kifin a wuraren da yake taruwa don ƙwai, inda ƙananan kwale-kwale ba sa kaiwa. A watan Yuli na 1992 gwamnatin Kanada ta haramta kamun, mutane wajen 30,000 suka rasa abin yi.

Abin lura a nan shi ne, kod yana cin jatan lande da ƙananan kaguwa. Da ya ƙaranta, ga kuma ruwan ya yi sanyi ƙwarai a farkon shekarun 1990, sai waɗannan halittu suka yawaita. Masunta suka koma kansu: wasu suka ɗauki gura, wasu suka ci gaba da jan taru, amma na jatan lande. Ta haka sana'o'in biyu suka haɗu a fili guda.

Kwarin Hawke

Akwai wani kwari mai zurfi a ƙarƙashin teku daura da kudancin Labrador da ake kira Hawke. Masu gura na yankin sun yi kukan cewa taru yana karya ƙafafun kaguwa, musamman wadda ta saɓe ba da daɗewa ba, jikinta bai yi tauri ba. Bisa roƙonsu, a 2002 aka hana jan taru a wani sashe na kwarin, a 2003 kuma aka faɗaɗa shi ya kai fiye da murabba'in kilomita 8,000. Gura kaɗai aka bari.

Dangane da rikici, shirin ya yi amfani, domin kowa ya san iyakarsa. Dangane da kaguwa kuwa, sakamakon bai kai yadda aka zata ba. Nazarin da masanan gwamnati suka buga a 2012 ya nuna cewa kaguwar ba ta farfaɗo ba, saboda masu gurar kansu sun ƙara matsa wa wurin, suna ɗago mai laushin jiki suna mayarwa, da yawanta kuwa ba ta rayuwa bayan haka. Ga kuma ɗumamar ruwa, wadda ba ta yi wa ƙananan kaguwa daɗi. A ganinmu wannan ya isa ya nuna cewa korar taru kaɗai ba ta wanke gura daga laifi.

Wanda ya fi cin moriyar shirin, ga alama, shi ne kod, wanda ba dominsa aka fara ba. Kwarin Hawke tsohon mataransa ne, ita kuwa gurar kaguwa ba ta cika kama shi ba, ba ta kuma tarwatsa shi lokacin ƙwai. A 2015 masu bincike sun ga manyan garkunan kod a wannan yanki bayan shekaru da dama babu su. Ba za mu danganta wannan ga hanin kaɗai ba, domin yawan wani ƙaramin kifi mai suna kafelin, wanda shi ne babban abincin kod, yana da nasa hannu a ciki.

To, a nan ne matsalar take. Dawowar kod ta zo daidai da raguwar jatan lande, har aka zaftare rabon masu kamunsa ƙwarai a 2016 da 2017. Kilo ɗaya na kaguwa kuma ya fi na kod kuɗi nesa ba kusa ba, don haka masuncin da ya ci bashi ya sayi jirgi da lasisin kaguwa yana tsaron filin da mai cin dukiyarsa yake hayayyafa. A Yunin 2024 gwamnati ta ɗage hanin 1992, ta yarda a kama tan 18,000, ta kuma ba manyan jiragen taru wani kaso a ciki, abin da ƙungiyar ƙananan masunta ta lardin ta fito fili ta ƙi amincewa da shi.